Filin Tambaya da Amsa: Shekarar wuƙar kakanmu nawa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon kuma duk akan tsohuwar wuƙa suke, ta farkon ita zata fi cin fili dan a cikinta ne mafi yawan bayanin yake.

TAMBAYA: Salam Baba, ya aiki ya iyali. Dan Allah tambayata akan wata wuƙar farauta ce da muka gada, ta kakanmu ce wanda ya haifi babanmu, maharbi ne a wajen Birnin Gwari kafin ya dawo Kaduna da zama, da ya rasu ta koma hannun babanmu toh shima Allah ya masa rasuwa bayan ƙaramar sallah shine aka miƙo min ita a matsayina na babba. Ruwanta ya ɗan fi taƙi ɗaya tsawo, ƙotar kaman fata ce aka yanka zobe zobe aka jera aka matse, a gindin ƙotar kuma akwai wani farin ƙarfe mara nauyi irin na tukunyar dalma. Kusa da ƙota akwai rubutun boko ya fara gogewa, abunda nake iya karantawa shine DGERS sai a ƙasansa SHEFFIELD ENGLAND. Kuben jar fata ne irin namu na dukawa kuma an ɗinke wani tsohon kwabo mai huji a jikinsa. Baffana yace ta haura shekara 200, wai da ita kakan kakanmu yaje yaƙi tun kafin zuwan Turawa, gwaggona kuma tace ita dai ta tashi ta ganta a ƙugun babansu. Tayi baƙi sosai ga tsatsa, inaso in kaita kasuwar Fanteka a sa mata injin washi ta fito fes sannan in rataye a falo, amma inaso in san gaskiyar shekarunta tukun. Daga ɗanka a Unguwar Sanusi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka da kakanka ya kyautata namu zuwan. Kafin in ce komai akan shekaru, dan girman Allah kar ka kai wuƙar nan inji. Mutanen Fanteka gwanaye ne, babu abunda basa ƙerawa, amma injin washi aikinsa cin ƙarfe ne, kuma ɗan rubutun nan da kake gani ya fara gogewa shine kaɗai takardar haihuwar wuƙar. Ni abun ya faru dani shiyasa nake maka magana da zafi. Wuƙar mahaifina ce, ana gobe babbar sallah na miƙa wa wani mai inji a bakin titi nace ya ɗan wasa min bakin kawai, na juya ina amsa gaisuwar wani, kafin in waigo ya bi ruwan gaba ɗaya gefe da gefe tartsatsi na tashi, ya miƙo min ita tana ƙyalli yana murna ya min gwaninta, tambarin da nake gani tun ina yaro a gindin ruwan babu shi babu alamarsa. Har yau in na zaro ta sai naji abun a raina.

Ga yadda zaka yi a gida. Samu man keken ɗinki ka shafe ruwan ka barshi ya kwana, da safe ka goge da tsumma mai laushi, ka maimaita kwana uku ko huɗu. Jar tsatsa mai gari gari ita ce cuta kuma ita zata fita, baƙin nan da ya kwanta lif a jikin ƙarfen kuma ka barshi, jini da kitse da zufar hannu ne na shekaru suka rina shi kuma yana kare ƙarfen ma. Kar ka jiƙa ta a ruwa, kar ka sa samfefa, man kuma kar ya sauka kan fatar ƙota. In ta bushe sai ka goga alli akan rubutun ka share na sama da yatsa, allin zai zauna cikin ramin haruffan su fito fari. Da daddare ka kashe wuta ka haska fitilar waya daga gefe, a kwance kusan daidai da ruwan, zaka ga inuwa ta faɗa cikin kowane ɗan rami har abunda ido bai gani da rana ya bayyana, sai ka ɗauki hoto ka zuƙo shi.

Toh yanzu lissafi. Wuƙa bata faɗin shekarar da aka haife ta kai tsaye sai ƴan kaɗan da kamfani ya buga musu lamba, abunda take faɗa shine "ban riga shekara kaza ba". Kaman a nuna maka hoto ne ace na zamanin Sardauna ne sai ka hango wani a baya riƙe da wayar salula, kaga magana ta ƙare. Dan haka muna neman abu mafi ƙarancin shekaru a jikinta wanda da shi aka ƙera ta tun farko.

Na farko kalmar ENGLAND. Sheffield gari ne a Ingila da ya shahara da wuƙaƙe da askake tun ɗaruruwan shekaru, kuma da can sunan maƙeri da sunan garin kawai suke bugawa. A 1890 Amurka tayi dokar haraji wadda ta wajabta duk kayan da za a shigo dasu ƙasar a rubuta sunan ƙasar da aka yi su, ta fara aiki a 1891, daga nan kamfanonin Sheffield suka riƙa ƙara ENGLAND a tambarinsu har akan kayan da ba Amurka zasu ba. Dan haka wuƙar da ke ɗauke da wannan kalma kusan ko yaushe ta bayan 1891 ce. Shekara 200 kam ta fita daga lissafi tun anan.

Na biyu DGERS ɗin nan, RODGERS ne farkonsa ya goge, amma suna biyu ne suka shahara da shi a Sheffield. Akwai Joseph Rodgers and Sons, tambarinsu ƙaramar tauraruwa da ɗan gicciye mai faɗin baki a gefenta, akwai kuma William Rodgers wanda zaka ga an rubuta I CUT MY WAY a jikin nasa. In na Joseph ne ka duba ko akwai hoton kambun sarauta da harafi biyu hagu da dama, dan a da suna yi wa gidan sarautar Ingila wuƙa kuma suna alfahari da hakan. V da R Sarauniya Biktoriya ce, 1837 zuwa 1901. G da R a wuƙa mai ENGLAND Sarki Joji ne, na biyar yayi 1910 zuwa 1936 na shida kuma 1936 zuwa 1952. E da R ko dai Edward na bakwai, 1901 zuwa 1910, ko Elizabeth daga 1952, sai sauran alamomi su raba gardama. Sannan ka juya ɗaya gefen ka nemi wata ƴar alama mai layi uku da suka haɗu a sama kaman sawun kaza, wannan alamar kayan gwamnatin Ingila ce musamman na soja, kuma sau da yawa akan buga shekara kusa da ita. Ba banza na kawo wannan ba, Kaduna garin soja ne tun asali, kuma dubban ƴan Arewa sun tafi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma daga 1943 har aka gama a 1945, gidaje da yawa a garin nan akwai adda ko wuƙa ko lambar yabo da ta dawo cikin jakar wani tsohon soja.

Na uku ƙota, kuma a gurina ita tafi bada labari. Farin ƙarfen nan mara nauyi alminiyam ne, kafin 1886 yana da tsada ƙwarai dan ba a gano hanyar narka shi da arha ba, kuma bai zama ruwan dare a gindin wuƙa ba sai tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Fata zobe zobe da alminiyam a gindi salo ne da Sheffield ta yi ta ƙerawa ba adadi tun wajejen 1930 har bayan mun samu ƴancin kai, ƴan sikawut da mafarauta da sojoji duk sun riƙe irinta. In na haɗa duka, daga bayaninka, ni zan ajiye wuƙar nan tsakanin 1930 da 1960, kuma in ka turo hoton tambarin bayan ka sa alli mai yiwuwa mu ƙara matse tazarar.

Baƙin da tayi yana nuna ba ƙarfen nan bane mara tsatsa, wanda wani Harry Brearley ya gano a Sheffield ɗin dai a 1913. Amma kar ka ɗauki wannan hujjar tsufa, mafarauta sun daɗe suna fifita baƙin ƙarfe saboda yafi saurin ɗaukar kaifi a dutse, har gobe ana ƙera shi.

Kube kuma labarinsa daban. Na asalinsa da ya zo da ita daga Ingila ya mutu tuni, maharbin da ke kwana a daji raɓa da ruwan sama suna dukansa kube baya masa shekara goma, shiyasa kakanka ya kai wa baduku ya ɗinka masa namu. Kwabon nan mai huji abun dubawa ne sosai. An fara buga irinsa a 1907, na Afirka ta Yamma ya ci gaba har 1958, sannan Najeriya ta buga nata mai huji a 1959, aka yi ta kashe su har naira da kobo suka shigo ranar 1 ga Janairu 1973. Gefe ɗaya akwai kambu da sunan sarkin Ingila da rubutun Larabci, ɗaya gefen tauraro mai tsini shida da shekara a ƙasa. Ka karanta gefen da ke waje ba tare da ka farke ɗinkin ba, in shekara ce shikenan, in sunan sarki ne ka koma lissafin da na baka a sama. Sai dai ka tuna kuben kawai yake ba shekara, kuma shima cewa yake ba a ɗinka ni kafin kaza ba, dan kwabon 1940 zai iya yawo a aljihu shekara 20 kafin baduku ya ɗinke shi.

Ta yaya wuƙar Ingila ta iso hannun maharbin Birnin Gwari? Hanyoyi ne sanannu. Tunda aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 ga jirgin ƙasa ga kantunan Turawa irin su John Holt da GBO da UAC, kayan ƙarfe na Ingila basu yanke ba. Sannan joji da hafsoshin soja masu son harbi basa shiga daji sai da maharbin gari a gaba yana bin sawu, kuma kyautar wuƙa a ƙarshen tafiya abu ne da aka saba. Wacce ce ta kakanka a ciki, ƙarfe bazai faɗa maka ba, mutum ne zai faɗa.

Anan ne nake so ka bi a hankali da baffanka. Kar ka je masa da mujallar nan kace Baba yace ba haka bane, bai dace ba kuma ba lallai ne ace bashi da gaskiya gaba ɗaya ba. Na sha ganin gidan da ake da wuƙa ko takobin kaka, ruwa ya cinye da washi aka sake, ƙota ta tsage aka sake, ko ma ta ɓace aka maye gurbinta da wata, amma suna da labari suka bi sabuwar. Mai yiwuwa ne da gaske akwai makamin da yaje yaƙi a gidanku, labarinsa ne ya sauka kan wannan. Tambaye shi cikin ladabi ko akwai wata wuƙa ko mashi ko kwari da baka da ya sani yana yaro, ina suka shiga.

Gwaggonka kuwa ita ce babbar shaidarka, dan ita abunda ta gani da ido ta faɗa. Ka je mata da goro ko ɗan abun taɓawa ka zauna ba gaggawa, ka kunna rikodin a waya da izininta, kuma kar ka tambaye ta shekara nawa dan tsofaffinmu ba da lamba suke ajiye lokaci ba. Ce mata Gwaggo lokacin da Sarauniya tazo aka yi hawan daba a Kaduna kina da wayo? Wannan 1956 ne. Da kika fara ganin wuƙar Sarkin Zazzau Ja'afaru ne akan gado ko Aminu? Ja'afaru ya rasu 1959 Aminu ya gaje shi har 1975. An kashe Sardauna kuna Birnin Gwari ko kun dawo? Janairun 1966 kenan. Kuben nan shi kika sani tun farko ko akwai wani kafinsa, wane baduku ne ya ɗinka? In tace tana ƴar talla ta ganta kuma aurenta ya zo daidai da yaƙin basasa, kaga ka samu bango na biyu, wuƙar na gidan tun kafin 1967, sai ka haɗa da bangon farko da ƙarfen ya baka. Ka yi wannan zaman cikin satin nan ɗana, kar ka ce sai an samu lokaci. In ka gama ka rubuta duk abunda ka samu a takarda da sunan wanda ya faɗa maka, ka ajiye tare da wuƙar, ita kuma ka shafa mata mai ka naɗe a tsumma daban da kuben dan fata tana riƙe danshi, sanyin daminar Kaduna kuma ka san shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ni tamu babu rubutu ko ɗaya, ƙirar maƙeran gida ce mai baki biyu, kuben yana da wani zobe na fata da ake zura hannu har damtse. Ta mahaifina ce, yayyena maza basu damu da ita ba shine na ɗauka na adana. Akwai yadda za a gane shekarunta? Daga ƴar uwarku a Kawo.

AMSA: Hajiya Allah ya saka miki da alheri da kika adana, wuƙar damtse kenan. Taki tafi wuya dan maƙerinmu baya buga shekara kuma ƙirar da kaka yayi ita jika yake yi, amma ƙarfen kansa yana magana. Kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 mafi yawan ƙarfen maƙeranmu daga tama ake narko shi, sana'a ce mai tsohon tarihi a ƙasar nan, mutanen Nok da aka sa wa sunan wani ƙauye a kudancin jiharmu sun san narka ƙarfe fiye da shekara 2000 da suka wuce. Ƙarfen tama in kika goge shi da mai kika kalla a hasken rana zaki ga wasu siraran layuka baƙaƙe suna bin tsawonsa kaman jijiyar itace. Da ƙarfen reluwe da sifirin mota suka wadata sai narkar tama tayi ta ja baya har ta mutu, shi kuma wannan ƙarfen sumul yake bai da waɗannan layukan. Wani lokacin ma tsohon magagari ake buɗawa a yi wuƙa, in kika duba can gindi kusa da ƙota zaki ga ragowar haƙoransa a jere.

Sai ki duba ƙananan abubuwa, ɗigon walda, robar tayar keke da aka naɗe ƙota da ita, wayar lantarki, ɗinkin keke a jikin kube maimakon na hannu. In akwai bakin zare da ya fito ki yanki ɗan mitsitsi ki kai kusa da ashana, na auduga toka zai zama, na roba kuma narkewa zai yi ya dunƙule, wannan na baya bayan nan ne. Jan da aka rina da karan dafi in ya tsufa duhu yake yi ya koma kaman hanta, na galura kuma kan tsaya da haskensa ko ya koɗe.

Amma gaskiya wanda zai fi ni amfani a gurinki tsohon maƙeri ne, irin wanda ya gaji uwar maƙera daga ubansa, su suna gane hannun juna, yana iya juya ta sau biyu yace wannan ƙirar gari kaza ce. Akwai kuma gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, suna da tsofaffin kayan ƙira da na fata da zaki kwatanta. Ki fara zuwa da hotuna a waya, gaba da baya da gindin ƙota da kube, kar a ɗauki wuƙa mai baki biyu ana yawo da ita a Keke Napep cikin gari yadda lamarin tsaro yake yanzu, in ya zama dole sai an gan ta a naɗe ta sosai a cikin jaka kuma wani babba ya raka ki.

TAMBAYA: Baba tawa an rubuta SOLINGEN da ROSTFREI da W. GERMANY, wani yace in sa mata maganaɗisu in ya kama toh tsohuwa ce sosai, kuma ya kama, har ya taya ta da kuɗi. Daga Barnawa.

AMSA: Gwajin maganaɗisun nan ka manta da shi, ƙarfen da ake ruwan wuƙa da shi yana kama maganaɗisu ko mai tsatsa ne ko mara tsatsa. Taka ma ita tafi kowacce sauƙi. Solingen garin maƙeran wuƙa ne a Jamus, ROSTFREI da Jamusanci mara tsatsa kenan, W. GERMANY kuma Jamus ta Yamma ce, ƙasar da aka kafa a 1949 ta sake haɗewa da ta Gabas a 1990, dan haka a tsakanin nan aka yi ta. In akwai sunan Puma a jiki ka duba ɗan ƙarfen da ya raba ruwa da ƙota, daga 1964 suna buga wata lamba a gurin wadda ake fitar da shekarar ƙira daga cikinta, turo min ita. Ka kuma shafa rubutun da farce, na gaske bugawa aka yi ko aka ci shi cikin ƙarfe zaka ji shi, na jabu sau da yawa a sama yake kaman fenti kuma haruffan basa zama daidai. Maganar sayarwa kuma, in ta gado ce ba kai kaɗai ke da ita ba, ka fara zama da sauran magada kafin ka amsa wa kowa tayi.